Tsohon kan jirgin ƙasa ko motar nan gaba: da wanne zan fara ƙerawa a kwamfuta?

Ƙanena, ka ce kana son ka riƙa ƙera siffofin injuna da ababen hawa a kwamfuta don sha'awa kawai, kuma zuciyarka ta rabu biyu. Ga tsohon kan jirgin ƙasa mai tururi, irin wanda ya riƙa jan taragun gyaɗa daga Kano, ga kuma wata motar ratsa Sahara da kake hasashen za a yi nan da shekara ɗari. Laftop ɗinka mai RAM giga 8 ce, ba ta da katin hoto na musamman. Kana tambaya da wanne za ka fara, da wace manhaja, kuma ina za ka samo awo.

Ka fara da tsohon. Ko a cikin tsofaffin ma kada ka fara da jirgin, ka nemi injin da hannunka zai iya taɓawa a unguwarku.

Masu farawa da yawa suna ruga wa abin nan gaba, don a ganinsu ba wanda zai ce sun yi kuskure tunda ba a taɓa yin irinsa ba. Amma ido yana ganewa. Ko wanda bai san komai game da kanikanci ba, idan ya ga mota a hoto ba ta da wurin da taya za ta juya in an karya kwana, ko ƙofar da ba ta da inda za ta buɗe, ransa zai ba shi cewa da wata matsala, ko da bai iya faɗin mece ce ba. Tsohon inji kuwa komai nasa a fili yake. Ba a lulluɓe shi da roba ba, kowane ƙarfe kana ganin daga ina ya taso, ina ya nufa, me yake turawa. Wanda ya ƙera irin wannan guda biyu ko uku zai tara amsoshin da zai buƙata ranar da ya zauna ƙirƙiro nasa.

Batun manhaja ba ya buƙatar dogon zance. Ka sauke Blender. Kyauta ce, halal ɗinka, ba sai ka nemi wadda aka fasa ba. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ne ya assasa ta, kuma tun 2002 aka sake ta ga kowa. Nauyinta bai kai rabin giga ba. Giga 8 ɗinka zai ɗauke ta. Inda za a iya samun cikas shi ne katin hoto: daga fitowa ta 4.0 da aka yi a 2023, tana neman katin da ya ɗan fi na da. Idan ta ƙi buɗewa, ka koma ta 3.6, duk tsofaffin suna nan a shafinsu, kuma babu abin da zan faɗa a nan da ba za ka iya yi da ita ba. Sai dai ka guji darussan bidiyo na kafin 2019, domin a fitowa ta 2.8 an sauya fuskar manhajar gaba ɗaya, za ka yi ta neman maɓallan da ba su nan. Akwai FreeCAD, ita ma kyauta, wadda ta fi dacewa da wanda zai kai zanensa wurin mai injin yankan ƙarfe. Kai da kake son siffa, fenti, tsatsa da motsi, Blender ce taka. Abu ɗaya da zan ce ka kashe wa kuɗi shi ne linzamin kwamfuta mai ɗan gare a tsakiya. Da faifan yatsa na laftop wahala kawai za ka sha.

Aikinka na farko, a shawarata, ya zama injin niƙa irin Lista mai silinda ɗaya. Kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ya fara yin wannan ƙira tun wajen 1930, daga baya masana'antun Indiya suka ci gaba da kwaikwayonta, shi ya sa har yau ake samunta. Wanda ake kira 6/1 ƙarfin doki 6 ne da shi, yana juyi 650 a minti, faɗin silindarsa inci 4.5, tafiyar fistin kuma inci 5.5. Ka je wurin mai injin lokacin da ba ya aiki, ka gaishe shi, ka nemi izini, ka tabbata injin a kashe yake. Ka tafi da tef ɗin awo, takarda da biro. Ka auna faɗin manyan ƙafafun ƙarfen nan biyu da ke juyawa a gefe, kaurinsu, yawan hannuwansu, tsayin injin daga gindi zuwa kai, tazarar notuna. Sannan ka tsaya ka kalli durom ɗin ruwan da ke kusa da shi. Za ka ga bututu biyu, ɗaya ya fito daga saman injin ya shiga saman durom, ɗaya ya taso daga ƙasan durom ya koma injin. Babu famfo. Ruwan da ya yi zafi shi yake tashi da kansa ta na sama, mai sanyi ya sauko ta na ƙasa ya maye gurbinsa. In ka sa bututun nan biyu a tsayi ɗaya a siffarka, ka ƙera injin da zai ƙone. Irin wannan fahimtar nake so ka fara tarawa. In ba a samun Lista kusa da kai, keken ɗinki na ƙafa ma ya wadatar, shi ma yana da sanda da ke mai da hawa da sauka ya zama juyi.

Hoto ba awo ba ne, wannan ka riƙe shi da kyau. Kyamarar waya tana kumbura abin da ke kusa da ita, ta ƙanƙantar da na nesa. In ka tsaya dab da inji ka ɗauka, layukan da suke miƙe za su karkace, kuma duk abin da ka gina a kan wannan hoton zai fito a karkace. Ka ja baya sosai, ka zuƙo, ka riƙe wayar daidai tsakiyar tsayin injin, ka ɗauki gaba, gefe da baya. Ka jingina ruler ko sandar da ka san tsawonta a jikinsa kafin ka ɗauka. Ga tsofaffin hotuna da aka ɗauka a kaikaice kuwa, akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta, fSpy, da kake nuna mata layukan da ka san a miƙe suke, ita kuma ta lissafo inda mai hoton ya tsaya, ta ba ka kyamarar da za ka shigar cikin Blender.

Da ka buɗe sabon aiki, kafin komai ka mai da awo zuwa milimita, ka gina abin a girmansa na gaskiya. Ka ajiye siffar mutum mai tsayin mita 1.7 a gefe, ko da akwati ne dogo, kada ka goge shi har ka gama. Ka fara da manyan gaɓoɓi a matsayin akwatuna da gwangwanaye marasa ado, ka tabbata tsayi da faɗi sun yi daidai daga kowace fuska, sannan ka shiga ƙananan abubuwa. Wanda ya ɓata mako yana ƙawata noti ɗaya kafin ya daidaita jikin injin, ƙarshenta zai goge notin. Ka kuma riƙa adana aiki da sabuwar lamba kowane zama, saboda wuta da kuma ranar da za ka so komawa baya.

Yanzu jirgin. Layin dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, ya iso Kano a 1911, aikin da Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, ya tsaya a kai. Amma ban ba ka shawarar ka nemi kawunan jirgin wancan lokaci ba. Ka ɗauki jinsin da aka fara kawowa a 1948 daga masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna. Sun yi yawa, sun daɗe suna aiki, hotunansu sun fi samuwa. Tsarin ƙafafunsu 2-8-2 ne: ƙananan ƙafafu biyu a gaba masu jagora a kwana, manya takwas masu ja, sai biyu a baya da ke ɗauke da nauyin murhu. In kuma Garat ne ya burge ka, wato dogon nan mai injin gaba da na baya da tukunya a rataye a tsakiya, Najeriya ta yi amfani da na kamfanin Beyer Peacock, kuma takardun kamfanin suna ajiye a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchesta. A Legas akwai Jaekel House a Ebute Metta, inda aka tara tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgin ƙasa. Kada ka raina tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka yi ritaya a Zariya, Kaduna ko Kafanchan. Dattijon da ya yi aikin zuba kwal zai faɗa maka abin da ke cikin ɗakin direba, wurin da kyamara ba ta cika shiga ba.

Awon da ba ya canzawa shi ne faɗin layi. Tsohon layin Najeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067, kuma ana auna shi daga cikin kan ƙarfe ɗaya zuwa cikin ɗayan, ba daga tsakiya ba. Kada ka rikita shi da sabon layin Abuja zuwa Kaduna na 2016, wanda yake milimita 1435, ko ƙaramin layin Zariya zuwa Jos na da, mai milimita 762, da aka rufe a 1957. Ka fara shimfiɗa ƙarafan layin, ka ɗora ƙafafun, sannan ka gina sama. A hoton gaba, faɗin layi shi ne ma'auninka. A hoton gefe, faɗin babbar ƙafa ne. Idan ka sami waɗannan biyun, sauran duk lissafi ne. Saboda layin siriri ne, jikin jirgin yana fin ƙafafunsa faɗi sosai, ya leƙo ta kowane gefe. Mai kwaikwayon hoton jirgin Ingila ko na Amurka a nan yake ɓata kamannin.

Ƙafar jirgi ba shafaffen gwangwani ba ce. Fuskar da ke taka ƙarfe tana da ɗan gangare, kamar kashi 1 cikin 20, ta fi kauri ta ciki wajen leɓen da ke hana ta sauka daga layi. Wannan gangaren ne yake mai da jirgi tsakiya da kansa, yake kuma taimaka masa a kwana, tunda ƙafafun biyu a manne suke da sanda ɗaya, ba mai iya juyawa fiye da 'yar'uwarta.

Ga wurin da kusan kowa yake faɗawa. A Blender akwai abin da aka rubuta wa Mirror, wanda kake gina rabin abu shi kuma ya cika maka ɗaya rabin. Ka yi amfani da shi a tukunya, ɗakin direba da shasi. Amma kada ka bar shi a kan ƙafafu da sandunansu. A jirgi mai silinda biyu, ƙusar da sanda ke kamawa a ƙafar dama tana gaba ko bayan ta hagu da digiri 90, wato rubu'in juyi. Dalili shi ne idan fistin ya kai ƙarshen tafiyarsa, sandar tana miƙe ɗoɗar da tsakiyar ƙafa, duk ƙarfin da ya tura ba zai juya komai ba. In ɓangarorin biyu suka kai wannan wurin tare, jirgin da ya tsaya a haka ba zai tashi ba. Da aka bambanta su da rubu'i, duk lokacin da ɗaya ya mutu ɗayan yana kan ganiyar ƙarfinsa. Daga nan ne ma ake samun fitar tururi sau huɗu a kowane juyin ƙafa, abin da za ka buƙata in ka zo haɗa sauti da motsi. Ka kuma lura da dunƙulen ƙarfe mai siffar jinjirin wata da ke cikin kowace babbar ƙafa. Yana kishiyar ƙusar ne don daidaita nauyin sanduna, kuma ba girmansu ɗaya ba: na ƙafar da babbar sanda daga fistin take kamawa, galibi ta uku, ya fi sauran girma. Saboda haka ba za ka ƙera ƙafa ɗaya ka kwafe ta sau takwas ba.

Tarin ƙananan sandunan da ke saman manyan, su ne suke buɗe wa tururi hanya da rufewa, kuma da su direba yake sa jirgi gaba ko baya. Tsarin da ya fi yaɗuwa na wani injiniyan Beljiyam ne, Egide Walschaerts, tun 1844. Kada ka fara da ba su kauri. Ka zana kowace sanda a matsayin layi siriri mai tsawon da ka auna, ka haɗa gaɓoɓin, ka juya ƙafar juyi ɗaya cikakke. In wata sanda ta tsinke daga mahaɗarta ko ta ratsa cikin wata, awonka ne bai yi ba, ka gyara tun tana layi. Wajen tafiya kuma lissafin mai sauƙi ne. A ce faɗin ƙafar inci 48 ne, milimita 1219 ke nan, to kowane juyi ɗaya jirgin zai matsa mita 3.83. In ba ka daidaita wannan ba, ƙafafun za su riƙa sulɓi a kan layi.

Akwai amanar da ke kan mai ƙera abin tarihi. Dole za ka tarar da wuraren da ba hoto ba zane, kamar ƙarƙashin tukunya. Ba laifi ka cike da abin da ka gani a jirgi makamancinsa, amma ka ware waɗannan gaɓoɓin a rukuni dabam, kuma ranar da za ka nuna aikin ka faɗi cewa nan hasashe ne. Hotunan tarihin jirgin ƙasa na ƙasarmu ba su da yawa a intanet, kuma siffa mai kyau tana iya yawo har wani ya ɗauke ta a matsayin hujja.

Game da ƙarfin laftop ɗinka, abin da zai durƙusar da ita ƙusoshin ribiti ne da notuna. Jikin tankin ruwa kaɗai yana da ɗaruruwa. Ka ƙera guda ɗaya mai sauƙi, mai gefe shida ko takwas, sannan ka yawaita shi ta hanyar kwafi mai jingina da asali. A Blender, Alt da D ke yin wannan, Shift da D kuwa sabon abu yake haifarwa mai cin nasa wurin. Don jera su a layi akwai Array. Ka raba aikin rukuni-rukuni, ka ɓoye abin da ba ka aiki a kansa. Wajen fitar da hoton ƙarshe, Blender tana da injuna biyu: EEVEE ya fi sauri, Cycles ya fi kyawun haske. Da irin na'urarka ka yi gwaji da na farko, ka bar wa na biyu hoto ɗaya tak ya kwana yana yi, da mai share dusar hoto a kunne.

Abu biyu ke sa ƙarfe ya yi kama da ƙarfe. Na farko, babu gefen da yake da kaifi ɗari bisa ɗari a duniya. Ka dakushe kowane gefe da milimita biyu ko uku da Bevel, don a nan haske yake kamawa ya zana siffar. In ka ja abu ka canza girmansa, ka tabbatar da sabon girman da Ctrl da A kafin ka dakushe, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi ɗaya faɗi. Na biyu shi ne datti, kuma datti yana da dalili. Baƙin hayaƙi yana kwanciya a saman tukunya daga bututun hayaƙi zuwa baya. Mai yana taruwa a mahaɗar sanduna, ƙura ta manne masa ta yi dunƙule. Farin gishirin ruwa yana zubowa ƙasa daga inda tururi ke yoyo. Hannuwan kamawa da matakala suna sheƙi saboda taɓawa, fuskar ƙafa da ke taka layi kuma fes take. Jirgin da ya yi aiki a Arewa da rani, ƙurar hunturu tana zama a kan duk abin da ya kalli sama. Fatun ƙarfe da na tsatsa, wato hotunan da ake lulluɓe jikin siffa da su, kana iya samunsu kyauta a shafukan Poly Haven da ambientCG, sai dai kada ka shafa tsatsa ko'ina daidai wa daida.

In ka gama wannan, motarka ta Sahara za ta zo da sauƙi, domin tambayoyin ba su canza ba. Daga ina ƙarfi yake zuwa, ta ina zafi yake fita, ina nauyi ya zauna, ta ina mutum yake shiga, kuma bakanike ta ina zai sa hannu. Ka dubi kumbon da ya sauke mutane a kan wata a 1969. Ba shi da santsi ko fiffike, duk kusurwoyi ne da ƙafafu, saboda inda ya yi aiki babu iska. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana da manyan fararen faifai da ba na hasken rana ba ne, aikinsu zubar da zafi, don a can ba iskar da za ta kwashe shi. Matsalar durom ɗin Lista ce aka warware ta wata hanya. Motar Perseverance da ta sauka a duniyar Mars a 2021 ƙafafu shida gare ta na alminiyom, a kan hannuwa masu lanƙwasa da ke barin kowace ƙafa ta taka ƙasa ko ana hawa dutse. Hukumar NASA tana ba da siffofin irin waɗannan kyauta, ka sauke ka juya su ka ga yadda aka haɗa.

Ka yi ɗan lissafi kafin zane. A ce kana son motarka ta yi tafiya da hasken rana. Da tsakar rana murabba'in mita ɗaya yana samun kamar wat 1000, faifan yau kuma suna kama kamar kashi 20 cikin ɗari, wat 200 ke nan. Rufin mota mai murabba'in mita 6 zai ba ka wat 1200, bai kai ƙarfin doki biyu ba. Ko da faifan nan gaba sun ninka haka, ba za su ja babbar mota a cikin rairayi ba. Nan take ƙirar ta fara faɗa maka yadda take so ta kasance: ko dai faifai masu naɗewa da ake bazawa in an yada zango, da wurin ajiye su, da manyan batura a ƙasa don kada motar ta kife a kan tudun yashi, ko kuma mota mara nauyi mai dogon rufi. Tayoyi su zama masu faɗi da ake rage wa iska, mashigar iska ta hau sama nesa da ƙura, ga tankin ruwan sha, ga inuwa. Ka nemi hotunan motocin Berliet da suka ratsa Tenere ta ƙasar Nijar a 1959 zuwa 1960, da ƙatuwar T100 da kamfanin ya fito da ita a 1957 don aikin man fetur a hamadar Aljeriya, ka kuma kalli yadda ake lodin motocin da ke tashi daga Agadas a yau, ina ake rataye jarkoki, ina ake ɗaure tayar safaya.

Za ka ga masu ƙera siffofin jiragen sama jannati na ƙirƙira suna cika jikinsu da ƙananan tarkace don su yi kama da inji mai sarƙaƙiya. Dabarar tana aiki in an tara tarkacen a inda ya dace, wajen injin, mahaɗai da ƙofofin gyara, aka bar sauran jikin a shafe. In ka watsa su ko'ina, ido ba zai sami wurin hutawa ba kuma girman abin zai ɓace. Girma kuwa da abubuwan da jikin mutum ya sani ake nuna shi: ƙofa mai tsayin kusan mita 2, matakalar tsani mai tazarar santimita 30, hannun kamawa da tafin hannu zai iya zagayewa.

In wata rana ka so a buga maka jirgin da injin buga siffa na roba, ka yi kwafi dabam don wannan. A sikelin 1:87 da masu wasan jirgin ƙasa suka fi amfani da shi, layinmu na milimita 1067 yana komawa kusan milimita 12, kuma ana sayar da layin wannan faɗin. Sai dai farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10 zai koma siririn da bai kai kaurin gashi biyu ba, injin ba zai iya buga shi ba. Dole ka ƙara wa bango, sanduna da hannuwan kamawa kauri da gangan, ka cire ƙananan notunan da ba za su fito ba, ka kuma toshe duk wata kafa a jikin siffar kafin ka miƙa fayil ɗin.